Dakta Kashi-Cikin-Ɗari Ya Hango Kujera

Allah ya yi masana tattalin arziki iri-iri. Akwai waɗanda suka karanta littattafai, akwai waɗanda suka rubuta su, sannan akwai Dakta, wanda idan littattafan suka rikice shi suke tambaya. Haka dai shi ya faɗa mana, mu kuwa ba mu da bakin musu, tunda kaf unguwarmu shi kaɗai ne muryarsa ta taɓa fitowa daga cikin rediyo.

Sunansa na ainihi ya daɗe da ɓacewa. Ɗalibansa na jami'a ne suka laƙaba masa Kashi-Cikin-Ɗari, saboda ko gaisuwa bai iya amsawa ba sai da alƙaluma. Ka ce masa, "Dakta, ya gajiya?" sai ya cire tabarau, ya goge shi da gefen riga, ya sanar da kai cewa gajiyar ta ragu da kashi goma sha biyu cikin ɗari idan aka kwatanta da ta jiya war haka. Mutum ne gajere mai tafiyar ƙasaita, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki ya yi masa sallama. A gida ma ba ya barin ilimi ya huta. Idan matarsa ta ce man girki ya ƙare, sai ta saurari tarihin man tun daga gona har cikin kwalba kafin ta ga kuɗin cefane. Ranar da autarsu ta yi kukan burodi ya ƙanƙance, zaunar da ita ya yi ya zana mata layi biyu a bayan kalanda, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, har yarinyar ta manta da yunwa ta ɓingire da barci.

Amma kada mu zalunce shi. Dakta ya yi aiki, aiki kuwa na gaske. Shekara da shekaru yana yawo kasuwa-kasuwa da ɗalibansa, rana na dukansu, suna tambayar farashin shinkafa da sabulu da kuɗin mota. Ya zauna da masu gidajen burodi ya ji yadda janareto ke cinye riba kafin su gan ta. Ya bi diddigin bashin da gwamnati ke ciwowa har ya gano cewa kuɗin ruwan da ake biya ya fi abin da ake kashe wa asibitoci. Daga ƙarshe ya fito da magana mai sauƙi wadda ko jahili zai gane: idan mai ya tashi, komai ya tashi, kuma idan bashi ya yi yawa, bunƙasar da ake shela a takarda ba ta isa tukunyar kowa. Wannan binciken shi ne abu guda da Dakta ya mallaka wanda ya kai girman yadda yake kallon kansa.

Duk Asabar da hantsi sai ya shiga gidan rediyo ya yi wa Ministan Kuɗi wankin babban bargo.

"Jama'a," haka yake farawa, "kamar yadda na faɗa tun ba yau ba, gwamnatin da ke ciwo bashi don ta biya bashi daidai take da mutumin da ke yanko ƙafar wandonsa yana yi wa gwiwa faci. Yau ya yanka, gobe ya yanka. Wata rana zai fito titi da gajeren wando bai shirya ba!"

Sai unguwa ta ɗauka da shewa. Direbobin haya na danna masa oda idan sun gan shi. Mai ƙwai na yi masa gyara. Da yamma kuwa, idan ya zo ya zauna da mu a bencin ƙofar shagon tela, mukan matsa mu bar masa tsakiya, ya maimaita mana duk abin da muka riga muka ji da safe, mu kuma mu sake yin mamaki saboda zumunci.

Haka ake ciki har ranar da ƙanin matarsa ya faɗo musu falo ko sallamar kirki babu. Shi wannan ƙanin, Na-Ji-An-Ce muke kiransa. A Ma'aikatar Kuɗi yake aiki, sashen karɓar baƙi. Shi ke jera kujeru da gorunan ruwa a ɗakin taro, saboda haka farkon kowace babbar magana a kunnensa ake yin sa, ƙarshenta kuwa sai an ce ya fita.

"Albishirinka, Yaya!" in ji shi yana haki. "Minista zai kafa kwamitin da zai riƙa ba shi shawara kan tattalin arziki. Da kunnena na ji ya ce wa Babban Sakatare, 'A nemo mini mutumin nan na rediyo, shi nake so.' Ofis ne fa, Yaya, da mota, da direba, har da fita waje!"

"Daga nan sai ya ce me?" in ji yayarsa, matar Dakta.

"Daga nan sai aka ce in ja ƙofa."

Dakta ya ajiye kofin shayi a hankali. Ya dubi silin, ya yi murmushin wanda duniya ba ta dama ba.

"Ni muƙami ba ya gabana," in ji shi. "Mun wuce wannan wurin. Idan ƙasa ta matsa, to, sai mu duba mu gani ko akwai lokaci."

Ya tashi ya shige banɗaki ya kulle. Matarsa ta ce ta daɗe tana jiyo shi ta bayan ƙofa yana cewa, "Na gode, mai girma Minista," da murya kala-kala, wata mai kauri, wata mai taushi, wata kuma har da ɗan tari na manya.

Washegari tela ya ga baƙo tun kafin ya gama share shago. Kwat Dakta yake so, baƙa, mai faɗin kafaɗa, irin wadda idan mutum ya zauna a taro za a san akwai nauyin ƙasa a kansa. Tela ya auna shi, ya sake aunawa, ya ce Dakta ya daina haɗiye ciki don ba za a zauna a taron babu numfashi ba. Dakta ya ce ba haɗiyewa yake ba, haka tsarin jikinsa yake idan yana tunani.

Sai batun mota. Motar Dakta tsohuwa ce, ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai ta waje. Da can abin kunya ne, yanzu kuwa ya zo daidai da sabon matsayi, tunda dama babban mutum ba ya buɗe wa kansa ƙofa. Ya koma zama a baya yana buɗe jarida, Na-Ji-An-Ce na tuƙi idan ya taso daga aiki. In sun zo wucewa ta gaban bencinmu, Dakta kan ɗago yatsu biyu ta taga ba tare da ya ɗago kai ba. Muka amsa da hannu bibbiyu, don ba a san inda rana za ta kai mutum ba.

Ana cikin wannan shiri ne wani tunani ya zo ya tsaya wa Dakta a wuya. Minista na son sa, wannan ba abin mamaki ba ne, wa zai ƙi shi? Amma ta yaya mutum zai zauna teburi ɗaya da wanda ya kwatanta da mai yanke wando? Kuma mahassada ba sa barci. Wani na iya ɗaukar tsofaffin maganganunsa ya kunna wa Minista a mota, shi ke nan an soke suna. Dakta ya yi nazari irin na masana, ya yanke shawarar cewa kafin kujera ta iso, wajibi ne a share mata hanya.

A jami'a ofis ɗaya suke da wata malama, tsohuwar ɗalibarsa. Ita ma tana da digirin dakta da gidanta da 'ya'yanta, amma shi "yarinyar nan" yake ce mata. Shi ke da gefen taga, ita ke da gefen fankar da ba ta juyi. Ita ke shigar da alƙaluman bincike a kwamfuta, don Dakta ya ce danne-danne aikin ƙanana ne.

"Yarinyar nan, buɗo mini zanen farashi."

Ta buɗo. Jan layi ne ya taso daga ƙasa ya miƙe sama ba ko waiwaye.

"Wannan layin ya cika rashin kunya," in ji Dakta. "Yanke farkonsa. Fara daga watan da aka yi ambaliya, lokacin da kaya suka yi tashin gwauron zabi. Daga can ki gangaro."

Ta yanke. Layin ya koma kamar mutumin da ya gaji ya ɗan sunkuya.

"Yauwa. Kin ga tarbiyya."

"Amma Malam, farashin bai sauka ba fa. Tashin ne ya ɗan rage gudu."

"Alƙaluma kamar yara suke," in ji shi yana kaɗa yatsa. "In ba a kwaɓe su ba, sai su faɗi abin da bai kamata ba a gaban baƙi."

"Malam, da ƙafarka ka tattaro su. Ni na riƙe maka laima a kasuwa."

"Wancan Dakta na da ne. Ilimi girma yake yi."

Sai ta ce cikin ladabi a cire sunanta daga sabuwar muƙalar da zai saka zanen a ciki. Dakta ya ce madalla, dama sunan ya yi wa shafin farko cunkoso.

Asabar ta zo. Mai gabatar da shiri ya gyara zama, ya ce, "To Dakta, a makon nan gwamnati ta sake ciwo wani bashin." Ya jingina da kujera yana jiran tsawa, kamar kullum.

"Alhamdu lillahi," in ji Dakta.

"Na'am?"

"Jama'a, kamar yadda na faɗa tun ba yau ba, ba kowa ake ba bashi ba. Ku dubi unguwarku. Wa mai kanti yake yarda ya ba kaya ya ce a kawo kuɗin daga baya? Mutumin kirki! Duk ƙasar da duniya ke rububin ba ta rance, ƙasa ce mai mutunci. Saboda haka wannan bashin shaida ce, lambar yabo ce. Sai dai mu taya juna murna."

Mai gabatarwa ya duba makirufo, ya duba baƙonsa, ya ce, "Amma Dakta, makon jiya cewa ka yi..."

"Makon jiya ina magana ne a kan gajeren zango. Yau ina kan dogon zango. Wanda karatunsa bai yi zurfi ba, shi ne zai ga kamar akwai saɓani."

Aka buɗe layin waya. Wani mai gidan burodi, wanda Dakta ya taɓa zama a kan buhun fulawarsa yana ɗaukar bayani, ya bugo ya ce man janareto ya sa ya sallami ma'aikata, yana tunanin rufe gidan gaba ɗaya. Dakta ya jajanta masa, sannan ya nuna masa abin da bai hango ba.

"Tsadar makamashi makaranta ce, ɗan'uwa. Tun da kuɗin mota ya tashi, ƙafafun al'umma sun ƙara ƙwari da kashi arba'in cikin ɗari. Idan aka ɗauke wuta kuwa, iyali kan taru su yi hira, miji ya san matarsa, uba ya san 'ya'yansa. Wannan ma bunƙasa ce, sai dai ba a iya auna ta da ma'auni."

Mai burodi ya kashe waya ba sallama. Sai wata tsohuwa ta shigo layi cikin damuwa.

"Ɗan nan, ina Daktan namu? Ba shi da lafiya ne aka kawo mana ƙaninsa?"

Daga wannan Asabar ɗin Dakta bai sake waiwaye ba. Kowane mako da sabon alherin da ya gano a cikin tsada. Direbobin haya suka daina danna oda. Mai ƙwai ya daina gyara, har ma ya fara zaɓo masa ƙanana. Dakta ya lura da duk wannan, ya kuma bayyana wa matarsa cewa hassada ta ƙaru matuƙa a unguwa, wanda alama ce ta ɗaukaka. Ita kuwa ta ce, "Baban yara, na ji ka ce kaya sun yi sauƙi. Don Allah in ka tashi zuwa wannan kasuwar ka tafi da ni." Ya ce mata magana ce ta dogon zango. Ta ce to, abincin rana ma sai a jira dogon zangon.

Da ƙorafin masu sauraro ya yi yawa, gidan rediyo ya fara gayyato malamar nan ta ofishinsu su zauna tare. Ba ta da kwarmato, ba ta iya misalai masu ban dariya ba. Takan ce kawai, "Ni dai abin da Malam ya koya mini zan faɗa," sai ta zayyano tsohon binciken tiryan-tiryan: mai, kuɗin mota, farashin abinci, kuɗin ruwan bashi. Dakta na gefe yana murmushin tausayi, yana girgiza kai irin na uban da 'yarsa ke karanto haddar ajin baya.

Saura littafi. Dama Dakta ya daɗe da kai binciken nan maɗaba'a, an kusa gama bugawa, sunansa "Bashi Ya Kai Mana Wuya". Ya garzaya ya ce a tsayar. Mai maɗaba'a ya nuna masa tulin takardu har rufi, ya ce babi tara sun riga sun fito, in za a sake su sai dai a sake biya tun daga farko. Dakta ya yi lissafi a tsaye, ya ga cewa a wannan gaɓar gajeren zango ya fi ƙarfi. Aka sasanta. Aka canza bango da babin ƙarshe kawai. Littafi ya fito da suna "Bashi Tsanin Bunƙasa". Mai karatu zai sha kuka babi tara, ya shiga na goma ya tarar ana rawa. Dakta ya sa hannu a kwafi guda da alƙalami mai ruwan zinariya, ya ba Na-Ji-An-Ce ya ajiye a teburin Babban Sakatare, kusa da gorar ruwa.

Ba a daɗe ba waya ta shigo. Ana son ganin Dakta a ma'aikata.

Kafin ya gama ɗaura lakataya labari ya zaga unguwa, don Na-Ji-An-Ce ba ya barin magana ta huce. Duk wanda ya yi fushi da Dakta ya tuna cewa fushi da maƙwabci ba kyau. Aka yo hayar kujerun roba aka jera a ƙofar gida. Aka zuba lemo a bokitai da ƙanƙara. Mai ƙwai ya aiko da kiret guda, manya zalla. Dakta ya fito cikin baƙar kwat, kafaɗunsa sun kusa cika ƙofa, ya tsaya har Na-Ji-An-Ce, wanda zai tuƙa shi, ya buɗe masa mota, ya ce kada kowa ya damu, ba zai manta da inda ya fito ba gwargwadon yadda aiki ya bari.

Ɗakin jira na ma'aikatar sanyi ne da shi kamar cikin firji. Kujerun fata, kafet mai haɗiye sawu, akawu na danna kwamfuta ba ta kallon kowa. A kujerar kusurwa Dakta ya hango malamar ofishinsu zaune da 'yar jakarta a cinya. Abin ya burge shi. Ashe yarinyar nan ta san ya kamata.

"Kin kyauta da kika zo rakiya," in ji shi. "Riƙe mini jakar nan."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai akawu ta ce Dakta ya shiga. Ta karɓi jakar.

Babban Sakatare dattijo ne mai sanyin murya. Ya taso ya tarbi Dakta, ya zaunar da shi, ya tambayi iyali. Littafin na kan teburinsa. Dakta ya gyara murya ya fara jawabin da ya sha maimaitawa a banɗaki, amma dattijon ya ɗaga hannu a hankali.

"Dakta, na ga ya dace in faɗa maka da bakina, saboda girmanka. Minista ya gaji da mutanen da kullum ke ce masa komai lafiya. Ya ce a duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ne ke gaya masa gaskiya, shi ma sai ta rediyo, bayan an riga an sa hannu. Ya ce a kawo shi kusa, ya riƙa faɗa masa a ɗaki tun kafin a ciwo bashin. Kai yake nufi."

"Allah sarki," in ji Dakta, idonsa ya kawo ruwa.

"Sai kuma muka saurare ka 'yan makonnin nan. Muka karanta babi na goma." Ya ɗan tura littafin gefe da yatsa. "Dakta, masu yabo muna da su har a baranda. Wallahi ba mu da wurin ƙarin ko ɗaya."

Sanyin ɗakin bai hana gumi tsattsafo wa Dakta ba. Amma babban masani ba ya rasa mafita.

"Ranka ya daɗe, ai wannan ƙaramin abu ne! Zan iya komawa. Tsohon zanen na nan, ba a goge ba. Asabar mai zuwa zan yi wa Minista tatas, irin wanda bai taɓa ji ba. In ana so yanzu ma, a kira shi, a nan zan fara."

"Na san za ka iya, Dakta," in ji dattijon. "Abin da ya sa ke nan."

Ya miƙe ya ba shi hannu don sallama. Dakta ya kama hannun da hannu biyu, bai saki ba. Ya ce ko ƙaramin kwamiti ne a duba masa. Ya ce ko kwamitin da zai sa ido a kan kwamitin. Ya ce ko mai rubuta abin da aka tattauna, rubutunsa na da kyau. Ana cikin haka Na-Ji-An-Ce ya shigo da gorunan ruwa a tire, kuma a karo na farko tun da ya fara aiki, babu wanda ya tuna ya ce masa ya ja ƙofa.

Da aka samu aka rabu, Babban Sakatare ya rako shi ɗakin jira, ya ce, "Dakta, bismilla." Dakta ya juyo da sauri. Ba da shi ake ba. Malamar ta miƙe, ta miƙo masa jakarsa da hannu biyu, ta ce a hankali, "Malam, aikinka zan kai musu." Ta shige, aka rufe ƙofa.

Shi ya tuƙo kansa gida, a kujerar gaba, kafaɗar kwat na gogar gilashi. Bai yi sauri ba. A hanya ya tsara magana, ya gyara ta, ya ƙara mata gishiri, kafin ya shigo layinmu shi kansa ya fara yarda da ita. Yana tsayawa muka miƙe. Ya fito, ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"'Yan'uwa, maƙwabta, kamar yadda na faɗa tun ba yau ba, ni muƙami ba ya gabana. Sun ba ni. Ofis, mota, direba, duk sun shimfiɗa a gabana. Har riƙe mini hannu aka yi ana roƙo. Na dube su na ce, ilimina ba na sayarwa ba ne! Ni na talakawa ne, a cikinsu zan zauna, a cikinsu zan mutu. Duk abin da kuka ji ina faɗa a rediyo kwanakin nan, gwaji ne. Gwada su nake yi in ga ko za su ruɗu. Na ce su ba wa 'yar ɗalibata, ta je ta koyi aiki."

Wuri ya kaure da tafi. Tela ya ce dama shi ya san za a rina. Mai ƙwai har da share ƙwalla. Aka fara fasa lemo, ana cewa irin su Dakta sun yi ƙaranci a duniya, shi kuma yana sunkuyar da kai yana karɓar yabon da tawali'u, yana cewa ai ba komai, kowa ma zai iya.

Sai ga babur ɗin haya ya tsaya da ƙura. Na-Ji-An-Ce ya diro ko kuɗin bai tsaya biya ba. Ya roƙi izini a wurin aiki ne ya taho da gudu, don a gaskiya yana ƙaunar mijin yayarsa. Ya ratsa kujeru ya rungume Dakta a gaban kowa.

"Yaya, ka yi haƙuri! Wallahi sai da na yi maka hawaye. Amma kai ma da ka saki hannun Sakatare tun a'a ta farko, ai da ba a kai ga kiran masinja ya ɓamɓare maka yatsu ba."

"Kai, zo ka sha lemo," in ji yayarsa da sauri.

"Bari, Yaya, in gama," in ji shi, ya sake juyowa wurin Dakta. "Kuma da ka ce ko mai rubuta bayanin taro ne a ba ka, na ji abin a raina. Kada ka damu, na yi wa shugabanmu magana. Ya ce in dai kujera ce, a sashenmu har sun yi mana yawa, sai dai ɗauka ake yi ba zama ba."

Babu wanda ya yi dariya a lokacin, wannan kam a yaba wa unguwarmu. Kowa ya dubi kwalbarsa kamar an rubuta wani muhimmin abu a jikinta. Tunda an riga an fasa lemon, sai aka shanye. Aka tashi da ɗaiɗai, kowa na tuna wani aikin gaggawa. Sai da aka sha kwana sannan dariyar ta ɓalle, har tela na dafa bango. Matar Dakta ta tattara kwalabe, ta sa yara suka haɗa kujeru, ta ce wa mijinta ya shigo ya cire kwat ɗin nan kafin zafi ya kama shi.

Ya ɗan kwana biyu bai fito ba. Gidan rediyo ma bai sake nemansa ba, sun ce masu sauraro sun kasa gane wanne daga cikin Daktocin biyu, na da ko na yanzu, za a turo musu. Amma mutum ba ya zama a ɗaki har abada. Wata yamma sai ga shi ya nufo benci da tsohuwar rigarsa. Muka matsa muka ba shi tsakiya, don ko ba komai namu ne.

Aka taɓa hira sama-sama. Can wani tsohon direba da ke zama da mu, mutum mai gaskiya wanda ba ya zolaya, ya ce ya ji a labarai ana shirin ciwo wani sabon bashin, kuma shi dai har ga Allah kansa ya ɗaure.

"Dakta, don Allah ka fitar da ni daga duhu. Bashin nan, alheri ne ko masifa?"

Dakta ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya leƙa bayan benci. Sannan ya matso kusa da tsohon, ya rage murya.

"Ya danganta," in ji shi. "Wa ya aiko ka?"